Lacca: Mai ciki da damuwa a lokacin kullen korona

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, masu goyo ku koma ta bakin taga saboda iska, sai mu fara.

Kun dai tuna watan Afrilun 2020 da aka kulle Kano, ba shiga ba fita, ga azumi ya kawo kai. Mai cikin fari da ya kamata ta tafi goyon ciki gidansu ba hanya, awo kuma mata tsoronsa suke kar su je asibiti su kwaso cuta, wadda ta haihu ba 'yan barka ba taron suna, ita kaɗai da jariri a ɗaki. Alhali tun kafin korona ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 10 cikin 100 na masu ciki suna fama da matsalar damuwa, a ƙasashe irin namu ma ya haura 15. To ina ga an rufe mace a gida?

Shi ne mu ungozomomi muka buɗe guruf a WhatsApp, kuma wallahi saƙon murya ne ya yi aikin, don ba kowa ke iya rubutu ba. Ban manta wata yarinya ba, wajen ƙarfe 2 na dare ta turo murya ƙasa-ƙasa kar mai gidan ya farka, wai Anti barci ya gagare ni, kuka kawai nake ban san dalili ba. A gida an ce mata ai laulayi ne ta yi haƙuri. Da safe na kira ta na bi ta da tambayoyi 10 na gwajin Edinburgh, wanda ake gano damuwa da shi ga masu ciki da masu jego, ta ƙarshen ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zuwa mata, ta yi shiru, can ta ce eh. Irin wannan ba a barinta a guruf, ranar muka haɗa ta da likita.

Abin da ke damuna har yau su ne waɗanda ba mu kai gare su ba, wata wayar ta miji ce sai ya dawo, wata ba kuɗin data, wata ƙaramar waya ce da ita. Su sai dai kira, shi ma ki fara tambaya ko ita kaɗai ce, don in uwar miji na kusa "lafiya lau" kawai za ki ji.

Hajiya na ga hannunki, a miƙa mata lasifikar.