Karce mai zurfi a murfin injin babur: inda ake farawa da inda ake tsayawa

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani dattijon bakaniken babura ya yi wa matasa masu koyon sana'a a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen gidanmu na sana'a da ke zaune a gaba, da ku ƙannena da 'ya'yana masu koyo, sannunku da zuwa, Allah Ya ba da ladan zumunci.

Ga abin da na zo da shi a hannuna. Murfin kuloci ne na Boxer. Mai shi ya zame a kan kwalta wajen Kawo ranar ruwan farko, babur ya kwanta ta dama ya ja jiki. Ku miƙa shi layi-layi, kowa ya bi ta kan zanen da farcensa. Inda farce ya wuce sumul, wannan ƙujewa ce, aikin minti kaɗan. Inda farce ya maƙale, shi ne karce mai zurfi, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Abin da nake so ya zauna muku a rai shi ne, karce rami ne, kuma ba a ciro rami. Abin da muke yi kawai, muna cinye naman da ke kewaye da shi har ya sauko daidai da gindin ramin. Ke nan duk gugar da ka yi, murfin mutane kake ragewa. Murfin nan kuwa zubi ne na alminiyam, wanda manya ke kira goran ruwa, kuma a wurare da yawa kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. A bayansa akwai baƙin mai, mai zafi.

Duk wanda ya shiga Panteka ya ga masu zubin tukwane ya san halin wannan ƙarfe. Gawayi da iska sun isa su narkar da shi, domin a wajen digiri 660 yake narkewa, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Yana da laushi, yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma toshe duk abin da aka goga masa. Ina yaro a gareji, wata rana maigidana ya fita, na ɗauki giranda na ɗora a kan murfi irin wannan don in gama da wuri. Zanen ya ɓace, wurin ya lotsa kaɗan, na ɗaura. Bayan kwana uku mai babur ya dawo, mai yana tsattsafowa ta wurin kamar gumi, ƙura ta manne a kai. Ɗan acaɓa ne mai iyali, ya yi asarar aikin yini, maigidana kuma ya sayi sabon murfi daga aljihunsa. Har yau abin yana damuna, shi ya sa a garejina giranda ba ta taɓa murfin inji.

To, kafin komai, tabbatar cewa karce ne ba tsaga ba. Ka juye mai, ka kwance murfin. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ka zana hoton murfin a kwali ka soka kowane a gurbinsa. Ka wanke da ruwa da omo ya bushe, ka shafa garin alli a waje, sannan ka zuba kananzir kaɗan ta ciki ka ba shi lokaci. Idan allin ya jiƙe ya yi layi, murfi ya tsage, sanfefa ba ta da aiki a nan. Sannan bakin da gasket ke zama, wato shimfiɗar da ke tare mai tsakanin murfi da inji, kada ka kusance shi da guga, in ya karkace yoyo ba zai ƙare ba.

Yawancin murafan nan an rufe su da fenti, ko kalar azurfa ko wani farin shafi mai kamar gilashi. Idan ka goge wuri ɗaya kawai, zai fito daban kamar faci a riga. Ka gaya wa mai babur tun farko: ko dai a goge fuskar gaba ɗaya ta yi sheƙi, ko a gyara a sake fenti. Ku yi wannan magana kafin ku yi ciniki.

Yanzu aikin kansa. Kwalta takan tayar da ƙarfe a gefen karce, ya yi tudu-tudu. Ka sa magagari mai laushi ka kwantar da tudun, shi kaɗai, da hannu mara nauyi. Daga nan sai sanfefa. Lambar da ke bayanta, ƙarama ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Karce irin wannan nakan fara da 220, in ya yi muni 180. Ka naɗe ta a jikin ɗan katako mai shafaffiyar fuska, kada ka danna da yatsa, domin yatsa yana bin rami ya ƙara masa faɗi, kuma ranar da murfi ya yi ƙyalli lotsawar za ta fito fili. Ka buɗa hannu, ka goge fili mai faɗi kewaye da zanen.

Wannan matakin na farko shi ne ainihin aikin, nan za ka daɗe. Sauran lambobin ba karcen kwalta suke cirewa ba, kowace tana share sawun wadda ta gabace ta ne. Bayan 220 sai 320, sai 400, 600, 800, 1000, 1500, in kana son madubi har 2000. Daga 400 zuwa sama ka yi da sanfefar ruwa, ka riƙa tsoma ta a roba mai ɗan sabulu. Za ka ga ruwan ya koma kalar toka, wannan ƙarfen ne ke fita. Duk lokacin da ka canza lamba, ka canza hanya: in ka yi tsaye da 320, yi kwance da 400. Ka share, ka ɗaga shi ga rana. Muddin akwai layin tsaye ko guda, ba ka gama da 400 ba. Yaran yanzu sukan yi tsalle daga 220 zuwa 1000, sai a shafa man goge a ga tsofaffin layuka suna nan suna ƙyalli.

Sai maganar tsayawa, wadda ta fi komai wuya. Zubi yakan ɓoye ƙananan kumfa a cikinsa. Kana cikin guga sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar tsinin allura sun bayyana. Kada ka bi su, ƙarƙashinsu akwai wasu. Haka nan in ka kama wurin tsakanin yatsu biyu ka ji ya fi gefensa siranta, ka ajiye sanfefa. A ra'ayina, ɗan tabo a murfi mai ƙarfi ya fi madubi mai yoyo nesa ba kusa ba. In ramin ya yi zurfi sosai, ko dai ka cike da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ya bushe ka daidaita ka yi fenti, tunda gam ba ya ɗaukar sheƙi. Ko ka kai wa mai waldar agon, wato waldar da ake yi wa alminiyam. Ko ka faɗa wa mutum gaskiya ya nemi wani murfin.

In komai ya tafi daidai, ka ɗiga man goge ƙarfe irin Autosol a tsumma mai laushi ka murza. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, haka ake so. Ka sauya mai tsabta ka share. Sai dai alminiyam da aka buɗe yana haɗuwa da iska nan take, a hankali ya dushe, ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina. Ko a fesa masa farin shafin nan mai kamar gilashi, mai jure zafi, ko mai shi ya riƙa gogewa lokaci-lokaci.

Na'am, ɗana, ina jin ka. Yana tambaya ko toka da yashi, yadda iyayenmu mata ke wanke tukunya, za su yi. A'a. Yashi ba shi da lamba, ƙwaya ɗaya babba za ta mayar da kai farko. Soda kuma, irin ta yin sabulu, cin alminiyam take yi, kada ta shigo wurin. Buroshin waya na ƙarfe shi ma yana barin ɓurɓushi a jiki, ruwa na taɓawa ka ga tsatsa. Kuma ku sa takunkumi in kuna guga a bushe, huhu ba shi da sifiya. Wasu manyan babura murfinsu maganiziyam ne, ba shi da nauyi, ƙurarsa kuma tana kama wuta. In ka ɗiga masa ruwan binega a wurin da ba fenti zai yi kumfa, alminiyam kuwa ba ya yi.

Murfin ya dawo gaba? Madalla. A kawo robar ruwan nan da katako. Mutum biyar-biyar za ku matso, kai mai shuɗiyar riga, zo ka riƙe mini 220.