Taswirar Vavilov: Inda Iri Ya Fi Yawa, Nan Aka Yanke Masa Cibiya?

[Hoto: taswirar duniya, da'irori takwas a kanta]

Wannan taswirar ta hana ni sakat a 'yan kwanakin nan. Mutum nawa ne suka turo min ita, kowa da tambayarsa. Da'irori takwas ne a kan duniya, kowace an jera mata sunayen amfanin gona, a ƙasa kuma an rubuta wai nan ne asalin abincin ɗan Adam. Ku dubi wadda ke kan Habasha. Kun ga alkama, kun ga sha'ir. A nan gardamar ta kaure. Wasu na murna, ashe alkama 'yar Afirka ce. Wasu na cewa taswirar ƙarya ce daga farko har ƙarshe. Dukansu akwai mataki guda da suka tsallake, kuma a kansa za mu daɗe yau. Amma bari mu fara sanin mai taswirar, a gurguje.

[Hoto: mutum sanye da kwat da malafa, a tsakiyar gona]

Nikolai Vavilov ke nan, masanin tsirrai ɗan Rasha. An haife shi a Mosko a 1887. Ya yi karatun noma a gida, ya je Ingila a 1913 ya zauna da William Bateson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin gadon halitta. A 1916 aka tura shi Iran, inda sojojin Rasha ke ta ciwo ba a san dalili ba. Ya gano cewa ƙwayar wata ciyawa mai guba ce ta gauraya da alkamar da ake yi musu burodi. Ya gama aikin da ya kai shi, amma bai juya gida ba, sai ya nausa tsaunukan Pamir yana tsintar iri. Daga nan ƙafarsa ba ta sake zama ba. Afganistan a 1924, ƙasashen Bahar Rum a 1926, Meksiko a 1930, Kudancin Amurka a 1932. Ƙasashe fiye da 50 ya taka, kuma kusan duk hoton da kuka gani nasa, da kwat ɗinsa da laktaye, ko da a kan alfadari yake. Abin da shi da abokan aikinsa suka tara a Leningrad ya haura samfuri 200,000, rumbun iri mafi girma a duniya a zamaninsa.

[Hoto: tuddan Habasha, ayarin alfadarai]

Farkon 1927 ya shiga Habasha. Ya gana da Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya samu takardar izini, ya haɗa ayari ya yi arewa har Eritiriya. Abin da ya gani a gonaki da kasuwanni ya girgiza shi. Sha'ir fari, sha'ir baƙi, mai layi biyu, mai layi shida, mai riga da mara riga. Ga alkama mai tsaba ruwan makuba, wadda ba a santa a Turai ba. A gona ɗaya sai ka tsinci nau'i da yawa a cakuɗe.

To ga tunaninsa, kuma ku saurara da kyau domin a nan zaren yake. Vavilov ya ce bambanci tsakanin iri da iri lokaci ne ke kawo shi. Duk inda tsiro ya fi daɗewa, nan zai fi rarrabuwa. Saboda haka idan ka zagaya duniya ka ƙirga, wurin da ka samu nau'o'i mafi yawa, nan ne mahaifarsa. Da wannan ma'aunin ya zana cibiyoyi 5 a 1926, ya mayar da su 8 a 1935. Taswirar da ke yawo, ta 1935 ɗin ce.

Tunani ne mai kyau, kuma a wurare da dama ya dace. Amma yana da rami.

Ku ɗauki misalin dangi. Ka shiga wani gari ka tarar zuriyar wani dattijo ta cika unguwa guda, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, dogaye da gajeru, farare da baƙaƙe. Za ka rantse nan aka haife shi? Ta yiwu baƙo ne ya zo da jakarsa, garin ya karɓe shi, ya yi arzikin haihuwa. Can inda aka yanke masa cibiya kuwa, watakila gida ɗaya ya rage.

Haka alkama da sha'ir suka yi a Habasha. Baƙi ne da ƙasar ta karɓa hannu bibbiyu.

Me ya sa suka rarrabu haka? Ku dubi wannan hoton daga sama. Tudu, kwari, tudu, kwari. Gonar da ke gindin dutse da wadda ke ƙololuwarsa, sanyinsu daban, ruwansu daban, cutar da ke kama su daban. Tsakanin wannan ƙauyen da wancan akwai kwazazzabon da zai ci maka yini. Kowane manomi yana ware zangarniyar da ta yi masa, ya ajiye ta iri. Wannan na son mai nuna da wuri, wancan na son mai jure sanyi, wata kuma na son wadda ta fi daɗin gari. Sannan ga wani abu da ba a cika ambata ba: furen alkama da na sha'ir, galibi kansa yake yi wa barbara. Don haka idan sabon nau'i ya ɓullo, ba ya saurin narkewa cikin sauran, yakan tsaya da kamanninsa shekara da shekaru. Ku haɗa duk wannan da dubban shekarun noma, kun samu abin da Vavilov ya gani. Ashe ba daɗewa kaɗai ke kawo yawan iri ba. Yanayin ƙasa na kawowa, keɓewa na kawowa, hannun manomi na kawowa.

To da me ake gane mahaifa ta gaskiya?

[Hoto: zangarniya biyu a kan farin ƙyalle]

Da farko ana neman dangin daji. Kowane amfanin gona yana da kakan da ba wanda ya shuka. Sha'ir ɗin daji da alkamar daji suna nan har gobe a kan tuddan kudu maso gabashin Turkiyya, da Siriya, da Falasɗinu, da arewacin Iraki zuwa yammacin Iran. A Habasha ba a samu kakan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ba a mayar da abu na gida a inda na dajinsa ba ya fitowa.

Na biyu, ku matso kusa da allon, wannan ne ya fi burge ni. Zangarniyar hagu ta daji ce. Tana nuna sai ta kakkarye da kanta, tsabar ta zube ƙasa, domin ta haka take shuka 'ya'yanta. Ta dama ta gida ce. Tana riƙe tsabarta gam har sai an girbe an sussuke. A daji wannan riƙon nakasa ne, amma ga mai lauje shi ne alheri, domin abin da bai zube ba shi ke shiga kwando, shi kuma ake shukawa baɗi. Yanzu dubi gaɓar da tsabar ta rabu. A ta daji tabon sumul yake, kamar inda ganye ya faɗi don kansa. A ta gida kuwa a yage yake, domin da ƙarfi aka fizge. Masu tonon kufai suna tace toka daga tsoffin murhu, su tsinci ƙonannun gutsattsarin nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, su sa a madubin ƙara girma, su ƙirga masu sumul da yagaggu. A kufan yankin nan na Gabas ta Tsakiya, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ana ganin yagaggun na ƙaruwa sannu a hankali daga ƙasan rami zuwa samansa. Noma ke nan yana haihuwa a gaban idonka.

Na uku shi ne gwajin ƙwayoyin gado, abin da Vavilov bai riska ba. A 1997 masu bincike suka bi sawun wata tsohuwar alkama mai suna ainkon har zuwa tsaunin Karajadag a Turkiyya. A 2002 aka yi wa masara irin wannan, sawun ya tsaya a kwarin kogin Balsas na Meksiko, wurin wata ciyawa mai suna teyosinte, kimanin shekara 9,000 baya. Alhali in launi da siffar masara kake so ka gani har ka gaji, kasuwannin Peru ma za su ishe ka.

[Hoto: dattijo riƙe da laujen dutse]

Wanda ya fi kowa fito da wannan gyaran shi ne Jack Harlan, Ba'amurke, wanda Vavilov ya taɓa sauka a gidan mahaifinsa lokacin Harlan yana yaro. Mutum ne da ya taɓa ɗaukar laujen dutse ya shiga alkamar daji a Turkiyya don ya gwada da hannunsa, ya samu kusan kilo 1 na tsaba cikin awa guda. A 1971 ya nuna cewa wasu amfanin ma ba su da cibiya ɗaya da za ka ɗora yatsa a kai. Misalinsa Afirka ce: dawa, gero, shinkafar Afirka da doya, an mayar da su na gida a wurare daban-daban a shimfiɗar da ta ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma, wadda taswirar Vavilov ta bar mafi yawanta fayau. Habasha kuma tana da nata na kanta da ba mai ja: tef, hatsi mai ƙananan tsaba, da enset mai kama da ayaba, da gahawar Arabika da ke fitowa a dazukanta na kudu maso yamma.

Ni dai ba na jin daɗin masu cewa taswirar ƙarya ce. Shi kansa Vavilov ya bambanta cibiya ta farko da ta biyu, kuma yana ta gyaran taswirarsa har aka kama shi. Abin da ya fita nema ma shi ne inda za a samo irin da zai jure cuta da fari da sanyi, domin ya ga yunwar 1921 a yankin kogin Volga da idonsa. A wannan fuskar da'irorinsa sun nuna daidai. Lokacin da wata cutar da ke sa sha'ir ya yi rawaya ya tsumbure ta addabi gonakin Kalifoniya, a cikin sha'ir ɗin Habasha aka samo ƙwayar gadon da ke jure mata.

[Hoto: titin Leningrad cikin dusar ƙanƙara]

Sauran labarin hotuna kaɗan ne suka rage, don haka zan faɗe shi kai tsaye. Trofim Lysenko, wani masanin noma abokin hamayyar Vavilov wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya samu kunnen Stalin, shugaban Tarayyar Soviet. A watan Agustan 1940 aka kama Vavilov yana tsaka da tattara iri a yammacin Yukren. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar ɗaurin shekara 20. Ya rasu a kurkukun Saratov a watan Janairun 1943, yunwa ta cinye shi.

A daidai lokacin sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya, daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944. Ma'aikatan Vavilov suka zauna gadin rumbun irin cikin sanyi da duhu, suna korar ɓeraye. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, yunwa ta kashe shi ga jakunkunan shinkafa kewaye da shi. Aleksandar Shchukin, mai kula da gyaɗa, a kan teburin aikinsa aka same shi.

[Hoto: akwatunan ƙarfe jere a kan kanta, hannu na buɗe ambulan]

Rumbun yana nan a birnin, wanda yanzu ake kira San Fitasbag, kuma cibiyar tana ɗauke da sunan Vavilov. Iri ba ya rayuwa har abada a cikin akwati, don haka lokaci-lokaci sai a fito da kowane samfuri a shuka, a girbe, a mayar da sabo. Wannan ambulan da ake buɗewa, ku bar kyamarar ta tsaya a kansa kaɗan. Ku dubi launin tsabar da ke zubowa a tafin hannun.