Urubicha, garin da yara ke wasa da harshen Gwarayu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga gabashin Bolibiya nake muku magana, a jihar Santa Kurus, cikin wani ƙaramin gari mai suna Urubicha. Ku yi haƙuri da ƙurar da ke jikina, daga Asensiyon, babban garin lardin Gwarayos, na taso tun da safe.

Ku ɗan saurara. Kun ji yaran nan da ke ƙwallo a bayana? Ba Sifaniyanci suke yi ba. Gwarayu ne, harshen iyayensu, da shi suke musu a kan wa ya ci. Wallahi abin da ya kawo ni ke nan.

Da na iso, na ce wa dattijon da ya sauke ni, "Baba, ai Gwarani kuke yi, irin na Paraguwai." Ya girgiza kai ya ce su Gwarayu ne. Kuma gaskiyarsa. Dangi ne, amma kowa da ɗakinsa. Babban gidan shi ne Tupi-Gwarani, wanda ya bazu daga gaɓar tekun Barazil har cikin dajin Amazon da Paraguwai. Masanin harsuna ɗan Barazil, Aryon Rodrigues, ya kasa gidan nan kashi 8. Gwaranin Paraguwai, mai miliyoyin masu magana, yana kashi na 1. Gwarayu kuwa yana kashi na 2, tare da Siriyono da Yuki da Pausarna. Kamar Hausa da Gwandara ne: kana jin kalma ka san jini ɗaya ne, amma ba baki ɗaya ba.

Ga misali. Ruwa a nan sauti guda ne tak, wani wasali tsakanin "i" da "u" wanda ba mu da shi. A Gwarani ma haka ake kiran ruwa. Baba ya nuna mini kwano ya faɗa, na maimaita, ya sake faɗa, har sai da na kama.

Abin da ke damuna shi ne sauran 'yan ɗakin. Siriyono suna can jihar Beni, wajen Ibiyato. Yuki 'yan ɗaruruwa ne kawai a dajin Kocabamba. Pausarna, na bakin kogin Gwapore, ya kusa shuɗewa gaba ɗaya. Tsarin mulkin Bolibiya na 2009 ya lissafa harsunan asali 36 a matsayin na hukuma, Gwarayu da waɗannan ukun duk suna ciki. Amma takarda ba ta shayar da yaro harshe, uwa ce ke yi.

Bari in juya muku kyamara. Wannan baiwar Allah tana saƙa ragar kwanciya da zaren auduga, sana'ar da aka san matan garin da ita. Can kuma wani yana fafe itace, gogen Turawa yake sassaƙawa. Limaman Kirista 'yan ɗariƙar Faransiskan ne suka kafa garuruwan nan a ƙarni na 19, kiɗan ya zauna, har ƙungiyar makaɗan Urubicha ta yi suna a ƙasar.

Yanzu an kira ni cin dafaffen rogo. Baba ya ce in an idar zai koya mini gaisuwar safiya, gobe in sha Allahu da ita zan buɗe muku bidiyo.