Darasi: Haɗa Kyamarar Tsaron Ƙofar Gida da ESP32-CAM

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a kan teburin nan za mu haɗa kyamarar da za ta tsare mana ƙofar gida. Ba irin wadda za ta yini tana watso bidiyo tana cinye data ba ce. Tamu barci take yi, sai wani ya gifta a gabanta ta farka, ta ɗauki hoto, ta ajiye a kati, ta turo maka a waya, ta koma ta kwanta.

To ga kayan aiki. Wannan ɗan allon da ke hannuna, wanda bai wuce girman akwatin ashana ba, shi ne ESP32-CAM na kamfanin Ai-Thinker. Ƙwaƙwalwar da ke kansa ta kamfanin Espressif ce na birnin Shanghai a ƙasar Sin. Yana da Wi-Fi, yana da ramin katin memori, ga kuma 'yar kyamara OV2640 mai megafiksel 2. Wannan mai farar hula kuma HC-SR501 ne, na'urar jin motsi. Sai katin memori da aka goge aka tsara shi a FAT32, da wayoyin haɗi, da kapasita mai 1000 µF, da batirin lithiyam mai caji da ake kira 18650. Idan ba ka samu a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin ba, ana yin odarsu ta intanet.

Ku duba allon da kyau, ba shi da ramin USB. Kenan ba za ka soka shi a kwamfuta kai tsaye ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi ɗan gindinsa da ake kira ESP32-CAM-MB, ka ɗora shi a kai, ka sa kebul, shi ke nan. Wanda yake da FTDI kuma, wato ɗan allon da ke haɗa irin wannan na'ura da USB na kwamfuta, ga yadda haɗin yake: 5V zuwa 5V, GND zuwa GND, TX na FTDI ya tafi U0R, RX ya tafi U0T. A saɓa ake haɗa su, domin bakin wannan kunnen wancan yake nema. Sannan ka ɗauki gajeriyar waya ka haɗa IO0 da GND. Wannan wayar ce ke gaya wa allon cewa sabon firogiram za a zuba masa. In an gama zubawa ka cire ta, ka danna maɓallin RST. Mutane da yawa a nan suke tsayawa suna cewa an sayar musu da matacce, alhali wayar nan ce ba su cire ba.

Mu koma kwamfuta. Ka buɗe Arduino IDE, manhajar da ake rubuta firogiram da ita a zuba wa allon, ka saka kunshin esp32 na Espressif ta Boards Manager, ka zaɓi allon AI Thinker ESP32-CAM. Kafin mu rubuta namu, mu gwada lafiyar kyamarar da misalin da ya zo a ciki, wato CameraWebServer. Ka zaɓi layin CAMERA_MODEL_AI_THINKER ka rufe sauran, ka rubuta sunan Wi-Fi ɗinka da kalmar sirri. A lura, 2.4 GHz kawai allon nan yake gani. In wayarka kake kunna masa intanet da ita kuma tana kan 5 GHz, ko za ku kwana ba zai gan ta ba. Bayan ka danna RST, ka buɗe Serial Monitor, tagar Arduino IDE da allon ke rubuto saƙo a cikinta, ka sa saurinta a kan 115200, zai rubuto maka adireshi. Ka kwafe shi ka sa a burauza. Ga shi nan, kuna ganin hannuna yana motsi a allon kwamfuta.

Wannan misalin na gwaji ne kawai. Ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka ya san adireshin zai ga abin da kyamarar ke gani. Kada wani ya ba ka shawarar buɗe masa ƙofa a rauta don ka riƙa kallo daga kasuwa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce gundarin darasin nan. Bisa takardar bayanin allon, yana jan kusan miliamfiya 180 idan yana aiki, ya kai 310 in an kunna fitilarsa gaba ɗaya, amma in yana barci mai nauyi kusan 6 kawai yake ja. Mu yi lissafi. Batir 18650 mai 2500 mAh, in ka bar kyamarar tana watso bidiyo, da kyar ya kai awa 8 zuwa 9 bayan an cire asarar da ake yi wajen ɗaga wutar. In kuwa barci take tana farkawa jefi-jefi, zai iya haura mako. Mu da ake ɗauke mana wuta a kwana ba a dawo da ita ba, kuma ɓarawo ya fi son daren da unguwa ta yi duhu, kun ga wanne ya dace da mu.

Batirin bolt 3.7 yake bayarwa, allon kuma 5 yake so. Don haka za mu ƙara ƙananan alluna biyu: TP4056 mai kariya ya riƙa cajinsa, sai MT3608 ya ɗaga wutar. Don Allah ka fara murɗa ɗan sukurun MT3608 kana aunawa da mita har ya tsaya a kan 5 kafin ka haɗa da kyamara, domin yana iya fitar da fiye da bolt 20, kuma nan take zai ƙona maka allo. Wani zai ce me ya sa ba za mu sa fawa banki mu huta ba? Da yawansu in suka ji abin da ake ja ya yi ƙasa sosai sai su kashe kansu, suna zaton waya ta cika. Kyamara ta shiga barci, fawa banki ya mutu, ba mai tashin wani.

Kapasitar nan kuma tsakanin 5V da GND za ta zauna, kusa da allon, ƙafar da ke gefen farin zane ita ce ta GND. Lokacin da Wi-Fi ke tashi yana fizgar wuta da ƙarfi, in wayar siririya ce ko doguwa sai wutar ta faɗi, ka ga an rubuto maka Brownout detector was triggered, allon ya yi ta kunna kansa yana kashewa. Za ka ga wasu suna sa layin da ke kashe wannan gargaɗi a firogiram. Ni ban yarda da hakan ba, wutar ce ba ta isa ba, ita za ka gyara.

Sai na'urar jin motsi. Ƙafa uku gare ta: VCC zuwa 5V, GND zuwa GND, ta tsakiya zuwa IO13. Kada ka kai ta IO12, domin in akwai wuta a ƙafar nan lokacin tashi allon na iya ƙin tashi. IO13 ɗin ma katin memori yana amfani da ita, saboda haka a firogiram za mu buɗe katin a tsarin layi ɗaya, 1-bit, sai ta zama tamu. Wannan kuma yana hana fitilar da ke IO4 walƙiya duk sanda ake rubutu a kati. A bayan na'urar akwai sukurori biyu da ake murɗawa, ɗaya na nisa daga mita 3 zuwa 7, ɗaya na tsawon lokacin da za ta riƙe sigina. Na lokacin ka mayar da shi ƙarshen ƙasa. In ka kunna ta ka ba ta kamar minti ɗaya ta natsu.

Abin da take ji ɗumin jiki ne yana motsi, ba ta san mutum ba ta san akuya ba. In awakin unguwa na kwana a dakalinka, ka rage nisan, ko ka liƙe ƙasan hular da tef. Kuma a zafin Maris da Afrilu, irin na Sakkwato ko Maraɗi da ake haura digiri 40, bango da ƙasa sun kai jikin mutum zafi, sai jinta ya ragu da rana. Mai son maganin wannan ya gwada RCWL-0516 mai aiki da rada, sai dai ita har ta bayan siririn ƙyaure tana jin motsi, ƙararrakin banza za su yi yawa.

Tsarin firogiram ɗin gajere ne, amma jerin yana da muhimmanci. Da ta farka, ta ɗauki hotuna biyu ko uku ta zubar, domin na farko kan fito da duhu ko kore kafin idon ya daidaita da haske. Sai ta ɗauki na gaske ta rubuta a kati tukuna, sannan ta nemi Wi-Fi. In ka sa neman Wi-Fi a gaba, kafin ta haɗu mutumin ya wuce, hoton bango za ka samu. Girman hoto ka sa SVGA, 800 da 600, ya isa a gane fuska a bakin ƙofa kuma yana tafiya da sauri ko netwok ba ƙarfi. Turawa kuma ta Telegram za mu yi. A cikin Telegram ka nemi BotFather, wanda ke buɗe wa mutum bot, wato asusun da kyamarar za ta riƙa turo saƙo da shi, ka rubuta /newbot, zai ba ka doguwar lamba. Ita da lambar hirarka ta Telegram, wato chat ID, za ka sa a firogiram, kuma kada ka nuna ta ga kowa. Ka tuna ita ma MiFi ko rautar tana bukatar batir, in ta mutu hoto sai dai a kati.

Wurin kafawa: ka sa komai a akwatin roba na masu wayarin, ka huda wa idon kyamarar da farar hular, ka toshe gefe saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. Ka ɗaga ta sama da kai kaɗan, a inuwa, domin batirin lithiyam ba ya shiri da rana. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, rana za ta mayar da fuskar mutum baƙa ƙirin. Da dare kuma OV2640 ta yau da kullum ba ta gani a duhu, don haka ka sa ƙwan sola a saman ƙofar.

Sannan idonta ya tsaya a ƙofarka da zaurenka. Kada ya leƙa ta saman katanga cikin gidan maƙwabci inda iyalinsa suke, kuma mutanen gidanka su san da ita. Bari in matsa baya in gifta ta gabanta mu gani. Ɗaya, biyu... to kun ji wayar ta yi ƙara, ga hoton ya shigo. Ya ɗan yi duhu ta hagu, bari in juya ta kaɗan ta bar taga mu sake gwadawa.