Masu ba ƙasashe maki kafin a ba su bashi

Wannan wani yanki ne na laccar da wani malamin tattalin arziki ya yi wa 'yan kasuwa da ɗalibai a Garwa ta ƙasar Kamaru, daga rikodin waya na rubuto shi.

To iyayena Alhazai da ƙannena ɗalibai, ku da kuke kasuwa kun sani, in baƙo ya zo daga Kuseri yana son buhunan masara bashi ba ka sauke masa kaya sai ka tambayi wanda ya san shi, yana biya ko sai an kai ruwa rana. Ƙasashe ma haka ne, sai dai waɗanda ake tambaya kamfanoni uku ne, Moody's da S&P da Fitch, su suka riƙe kusan duk harkar. Tun 1909 John Moody ya fara ba da maki, da kamfanonin jirgin ƙasa a Amurka ya soma. Makin na haruffa ne, AAA shi ne ƙololuwa, a yi ta gangarowa har inda za a ce wannan ya kasa biya, kuma duk sanda makinka ya sauka kuɗin ruwan da za a ɗora maka sai ya hau.

Kar wani ya ce ina ruwana. A 2015 Kamaru ta ciwo bashin dalar Amurka miliyan 750 a kasuwar duniya, ruwa kashi 9.5 cikin ɗari duk shekara, ku lissafa da kanku, ya haura dala miliyan 70 a shekara uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba, kuma daga harajin da kuke biya a kasuwa da kwastan ya riƙa fita, kuɗin da ya kamata a gani a hanyar Ngaundere zuwa Garwa da asibitocinmu. Wallahi abin yana ci min rai.

Su masu makin fa ba waliyyai ba ne. Galibi mai neman bashin shi ke biyan su kuɗin aikin, kun ga matsala tun daga nan. Kafin rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 takardun bashin gidaje na Amurka da suka ruɓe AAA suka ba su, daga baya a 2015 S&P ta biya sama da dala biliyan 1.3 don a kashe maganar. Gana ma ta yi ƙorafi sosai da Moody's ta rage mata maki a 2022.

Amma mu ma da namu. A 2023 Moody's ta sauke Kamaru zuwa Caa1, maki ne na can ƙasa, saboda an makara wajen biyan wani bashin waje, wannan ba wanda ya zalunce mu, lokaci ne ya yi ba a biya ba. Tarayyar Afirka tana ƙoƙarin kafa namu kamfanin makin, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, sai dai in ya zama duk gwamnatin da ta ɓata rai za a ƙara mata maki, mai kuɗi a Landan ko Faris ba zai ko buɗe rahoton ba, Moody's zai koma ya tambaya.