Tsakuwar da ke kwantawa a gindin bokiti: algus ne ko kuwa?

Kun ga hoton bidiyon nan da ake ta turawa a WhatsApp. An zuba takin kamfa a bokitin ruwa, an juya, sai ga wasu 'yan tsakuwoyi sun kwanta a ƙasa, jama'a na ta salati wai taki jabu ne. To, a yi haƙuri, ba haka doka ke tantance jabu ba.

Tun 2019 Najeriya ke da dokar kula da ingancin takin zamani, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu. Mai sarrafawa, mai haɗawa, mai shigowa da shi, har dillalin kasuwa, kowa sai da rajista ko izini daga Ma'aikatar Noma ta Tarayya. Wannan ɓangaren ba wuya.

Ga inda ake ruɗewa. Ku dubi jikin buhun nan: 20-10-10. Alƙawari ne kamfani ya rubuta, kuma a kansa doka za ta kama shi. A buhu mai kilo 50, dole a samu kilo 10 na sinadarin naitirojin, kilo 5 na fosfet, kilo 5 na fotash.

Yaya ake haɗa su? Kimanin kilo 17 da rabi na yuriya, kusan kilo 11 na DAP, takin da ke ba da fosfet, wanda aka riƙa kawowa daga Maroko, sai kilo 8 da ɗoriya na MOP mai ba da fotash, jan nan da kuke gani. Ku tara, bai kai 37 ba. Sauran kilo 13 ɗin fa? Ƙwayoyin dutsen farar ƙasa ne, da su ake cike buhun, kuma ba sa narkewa a bokiti. Su ne suka kwanta. Halas ne, har ma suna ɗan rage tsamin ƙasa.

Algus na gaskiya shi ne a rage yuriya a ƙara ciko, ko a buɗe buhu a cuɗa yashi a sake ɗinkewa. Ido ba ya gane na farkon, sai an kai ɗakin gwaji. Shi ya sa jami'in bincike ke soka ƙarfe mai rami ya ɗebo daga wurare da dama, don girgizar mota kan sa ƙananan ƙwayoyi su gangara ƙasa.

Ni dai taki na mudu shi ya fi damuna. Ba suna, ba lamba, in ya ƙi aiki wa za ka kama?

Kafin ka biya, ɗora buhun a sikeli, tauye nauyi ma laifi ne a dokar. Duba ɗinkin baki, ko an taɓa kwance shi. Ka karɓi rasit, ka ajiye buhu ɗaya a rufe har kaka, domin ya zame maka hujja in za ka shigar da ƙorafi.