Daga ƙwai zuwa ɗan kifi: kwanakin farko na kifin herin

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau a kan herin za mu tsaya, kifin nan da ake shigo mana da shi a daskare ana ce masa shawa. Gidansa ruwan sanyi ne na arewacin Atlantika, wajen Norwe da Sikotland.

Kifayen teku da yawa ƙwansu yawo yake cikin ruwa. Na herin nutsewa yake. Macen takan zuba shi a kan tsakuwa ko ciyawar teku, kuma yana da danƙo, inda ya faɗa nan zai manne. Ƙwai ɗaya bai wuce milimita 1.5 ba, amma mace guda takan zuba 20,000 zuwa 40,000. Da yake garke ne ke zubawa wuri ɗaya, sai ƙwan ya taru wani kan wani. Na can ƙasa yakan rasa oksijin ya mutu, na sama kuma wani kifi da ake kira hadok ya zo ya cika ciki da shi.

Yaushe zai ƙyanƙyashe? Sanyin ruwa ke yanke wannan. A digiri 3 na Salshiyas sai ya kai kwana 40, a digiri 10 kuwa wajen kwana 11 ya isa.

To, ku ba ni hankalinku a nan, domin nan ne maganar take. Abin da ke fitowa siriri ne kamar zare, bai kai santimita 1 ba, jikinsa garau, idanunsa kaɗai za ka iya gani. A cikinsa akwai 'yar jakar gwaiduwa, ita ce abincinsa na wajen mako guda. Kafin ta ƙare dole ya koyi farautar ƙananan halittun ruwa da kansa, alhali ko iyo bai iya sosai ba.

Masanin Norwe Johan Hjort ya lura da wannan a 1914. Ta hanyar karanta shekarun kifi a ɓawon jikinsa, ya gano cewa waɗanda aka ƙyanƙyashe a 1904 su ne suka yi ta cika tarun masunta shekara da shekaru. Ya ce watakila bambancin shekara mai albarka da marar albarka yana cikin waɗannan 'yan kwanakin: in gwaiduwa ta ƙare alhali akwai abinci a kusa, an tsira. A 1963 wasu masana, John Blaxter da Gotthilf Hempel, suka nuna cewa in yunwa ta wuce wani mizani, ko an kawo abincin ɗan kifin ba shi da ƙarfin kamawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana kwasar tsakuwar ƙasan teku don gine-gine a wuraren da herin ke zuba ƙwai. Kifin nan ba ya zubawa a kan laka. Kuma an riga an ga abin da rashin kula ke jawowa: yawan kamu ya durƙusar da herin na Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Norwe, har aka rufe kamunsa a 1977, masunta suka yi shekaru suna jira kafin a sake buɗewa.